An cire wa Spore makullinsa bayan shekara takwas: ya cancanci mu saya yanzu?

Dan_Nima:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka yi zamanin cika kafe-kafen intanet na Nima da Mamobi za su tuna da wasan Spore, wanda Maxis ya ƙera, kamfanin EA kuma ya fitar a watan Satumba na 2008. Shi ne wasan da kake fara rayuwa a matsayin ƙwayar halitta a cikin ruwa, ka fito tudu ka zama dabba, ka kafa ƙabila, ka gina birane, daga ƙarshe ka hau jirgi ka shiga sararin samaniya. A wannan watan na Satumba na 2016 shagon GOG, mai sayar da wasanni ta intanet, ya fara sayar da shi haɗe da ƙarinsa guda biyu, Creepy & Cute da Galactic Adventures, kuma babu wata kariyar hana kwafi, wato makulli, a jikinsa. Kana saya ka sauke fayil ɗin, ka ajiye a filash, ka ɗora a kan duk kwamfutar da ka ga dama, babu mai ƙirga maka.

Ni dai na ƙudurta zan saya, ko da yake na san wasan ya tsufa. Dalilina shi ne, mu ne muka yi ta cewa da za a sayar da wasa babu makulli da mun biya, to ga shi an yi, kuma idan muka noƙe yanzu mun tabbatar wa kamfanoni cewa dama can kyauta muke nema. Ina son jin ra'ayinku, musamman waɗanda suka buga shi a wancan lokacin.

MaiGyara_Circle:
Wa alaikumus salam. Yaya Dan_Nima, wannan ai ihu bayan hari ne. Bari in tuna wa matasan cikinmu abin da ya faru, domin wasu suna firamare a lokacin. Faifan asali ya zo da wata manhaja mai suna SecuROM, wadda take tilasta wa mai saye ya haɗa kwamfutarsa da intanet kafin wasan ya buɗe a karon farko, sannan ta ba shi damar ɗorawa sau uku kacal. Idan ukun nan suka ƙare, sai ya nemi kamfanin ya roƙi ƙari. Mu da muke sana'ar gyara mun san abin da sau uku yake nufi a ƙasar nan. A ɗauke wuta ana tsaka da aiki, rumbun kwamfuta ya lalace, a sake sabo, ɗaya ta tafi. Bairos ya shiga, a wanke kwamfutar a sake zuba Windows, biyu ta tafi. Mutum ya sayar da tsohuwar ya karɓi laftof na hannu, shi ke nan an gama. A teburina akwai kwamfutocin da nake wankewa fiye da haka a cikin shekara guda.

Abin da ya fi ban haushi shi ne, tun kafin ranar da aka fara sayar da wasan a shaguna, an riga an fasa makullin an watsa kwafin a intanet. Wanda ya sata yana ɗorawa sau ɗari idan ya so, wanda ya fitar da kuɗinsa kuwa shi aka sa wa takunkumi.

Zainab_Madina:
Ina da ƙaramin gyara, Malam MaiGyara. Sau uku ɗin bai daɗe ba. Bayan da aka yi ca a kan kamfanin, ya ɗaga adadin zuwa biyar, kuma a watan Disamba na 2008 ya fitar da wata 'yar manhaja da ke ba mutum damar sauke rajistar wasan daga wata kwamfuta ya mayar da ita wata. A wannan watan na Disamba ne kuma aka sa wasan a Steam, wani shagon wasanni na intanet, ba tare da SecuROM ba. Saboda haka ba daidai ba ne a ce sai yanzu aka fara sassautawa.

MaiGyara_Circle:
Gaskiyarki Malama Zainab game da biyar ɗin, amma waccan manhajar tana amfani ne idan kwamfutar tana raye. Wanda rumbunsa ya ƙone ba shi da inda zai shiga ya sauke rajista. Steam kuma shi kansa makulli ne, sai dai mai laushi: dole ka buɗe asusu, dole manhajarsu ta zauna a kwamfutarka, kuma wasan yana ɗaure da asusun. Abin da GOG ya kawo daban ne, domin fayil ne a hannunka.

Alhaji_Fadama:
Ni ba na buga waɗannan wasanni, 'ya'yana ne suke bugawa, amma na yi shekaru ina kasuwanci, kuma ina ganin kuna yi wa kamfanin rashin adalci ta wani ɓangare. Mutane sun zauna shekaru suna aiki, an biya su albashi, an kashe kuɗi a talla, sannan a wayi gari kayan yana yawo kyauta. Wane ɗan kasuwa ne zai ga haka ya naɗe hannu? Na ji an ce shafin TorrentFreak ya ƙiyasta cewa an sauke kwafin sata na wannan wasa kusan sau miliyan 1.7 kafin ƙarshen 2008, har ya zama na ɗaya a jerin wasannin da aka fi sata a shekarar. Idan haka ne, ai tsoron da suka ji yana da tushe.

Dan_Nima:
Allah ya ƙara girma Alhaji. Adadin haka yake, amma a lura cewa an kai wannan adadi ne alhali makullin yana nan daram. Bai hana ko mutum ɗaya saukewa ba. Akwai ma waɗanda suka fito fili a lokacin suka ce sun yi niyyar saya, amma da suka ji sharaɗin sai suka koma wa kwafin sata don huce haushi. A shafin Amazon mutane fiye da 2,000 suka ba wasan tauraro ɗaya, mafi yawansu kuma ba wasan suke suka ba, makullin suke suka. A cikin watan da ya fito aka shigar da ƙara a wata kotun tarayya a Kalifoniya, inda masu ƙarar suka ce an ɗora musu SecuROM ba tare da an bayyana musu ba, kuma ko sun goge wasan ita ba ta fita. Duk da wannan hayaniya, wasan ya sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a makonnin farko. Masu saye suna nan, su aka wulaƙanta.

Kumasi_Aboabo:
Gaisuwa daga Kumasi. Ina karanta ku ina murmushi, domin ana magana kamar a 2008 akwai shagon da ɗan Zango zai shiga a Adum ko Kejetia ya sami faifan Spore na asali a cikin kwalinsa. Abin da muka sani shi ne faifai a cikin farar leda, an buga hoton wasan a takarda mai dusashen launi, an rubuta lambar sirri da biro a bayanta, sannan mai sayarwa ya nuna maka jakar da za ka kwafo fayil ɗin da aka fasa. Yawancinmu ba mu ma san akwai wani abu wai shi SecuROM ba sai daga baya. Rigimar ta mutanen Amurka da Turai ce. Namu ciwon shi ne wasan ya ƙi buɗewa saboda katin hoton kwamfutar ya yi rauni, ko faifan ya tsaya a kashi tamanin cikin ɗari ya ce fayil ya lalace.

Ni kaina irin wannan faifan na saya a hannun wani mai tebur, ya zo mini da bairos da ya ɓoye duk takardun makaranta da ke cikin kwamfutar yayata, kuma da na koma wurinsa sai ya rantse cewa daga kafe na kwaso. Wannan kaɗai ya isa ya sa in fi son fayil mai tsabta daga shagon da aka sani.

Ustaz_SabonZango:
Tun da an taɓo batun faifan leda, ya kamata a faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Tsananin da kamfani ya yi a sharaɗinsa ba ya halatta wa mutum ɗaukar abin da ba a ba shi ba. Idan sharaɗin bai yi maka ba, ka bar kayan, wasa ba abinci ba ne balle a ce lalura. Da yawa daga malaman wannan zamani sun tafi a kan cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da ake kiyayewa, kuma ko a dokar ƙasa Ghana tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2005 wadda ta haɗa da manhajojin kwamfuta. A ɗaya ɓangaren kuma, mai sayarwa da ya ɓoye wa mai saye wani abu da ke cikin kaya shi ma ya shiga haƙƙi, domin ciniki yana son bayani. Saboda haka ina tare da Dan_Nima: wanda ya ci moriyar kwafin sata a baya, kuma yanzu yana da hali, ya saya.

Sadiya_Legon:
Ni tambayata ba ta makulli ba ce. Shin wasan ma ya kai a saya? Na gwada shi a kwamfutar wata ƙawata, matakin ruwa da na dabba sun burge ni, amma ina isa matakin ƙabila sai na ji kamar an canza mini wasa da wani mara zurfi.

Baba_Sims:
'Yata Sadiya, abin da kika ji shi mutane da yawa suka ji. Will Wright, wanda ya ƙirƙiro SimCity a 1989 da The Sims a 2000, ya nuna samfurin Spore a taron masu ƙera wasanni a 2005, kuma abin da aka gani a ranar ya sa mutane suka yi shekara uku suna jira da zumuɗi. A samfurin, yadda ka gina jikin dabbarka shi ke yanke yadda za ta yi tafiya da yadda za ta yi farauta. Da wasan ya fito sai aka tarar an sauƙaƙa shi ƙwarai: kowace gaɓa tana da maki a rubuce, baki kaza cizonsa mataki kaza ne, ƙafa kaza gudunta mataki kaza ne, kuma ko a tsakiyar baya ka manna ƙafar makin bai canza ba. Dabba mai ƙafa bakwai a gefe guda za ta iya tsere wa wadda aka tsara da hankali.

Matakin ƙabila da na birane gajeru ne, ana gama su a zama ɗaya. A na ƙabila ko dai ka ba mutanenka mashi su kai hari, ko ka ba su kayan kiɗa su je su burge maƙwabta. A na birane ka mallaki rijiyoyin da ake haƙo dukiyar wasan, sannan ka ci sauran garuruwa da yaƙi, ko da ciniki, ko da wa'azi. Nauyin wasan duka yana matakin sararin samaniya, inda akwai taurari da ba za ka iya gama zagayawa ba, kana gyara yanayin duniyoyi kana dasa tsirrai da dabbobi, ga kuma wasu halittu masu faɗa da ake kira Grox da suka kewaye tsakiyar taurarin suna hana kowa wucewa. Sai dai nan ma ana yawan kiranka ka koma gida saboda 'yan fashi sun kai hari ko wata cuta ta ɓulla a cikin dabbobi, har mutum ya gaji.

Amma wurin ƙera dabba, har yau ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba. Ka ja ƙashin baya ka lanƙwasa, ka kumbura ciki, ka manna idanu a gwiwa, kuma nan take kwamfutar ta lissafa yadda wannan abin zai taka, ya yi rawa, ya yi kuka. Jikokina ba su taɓa wuce wannan wurin ba, kuma ba su ga sun rasa komai ba.

Malam_Kimiyya:
Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Accra, kuma ina so in ja hankali a kan kiran wasan da ake yi wasan juyin halitta, domin ɗalibai suna ɗaukar abin da suka gani a allo a matsayin darasi. Abin da masana suke nufi shi ne, a cikin jinsi guda ana samun bambance-bambance da ba wanda ya zaɓa, sai yanayi ya sa masu wata siffa su fi rayuwa su fi haihuwa, a hankali siffar ta yawaita a cikin zuriya. Misalin yana gabanmu: ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin kulorokwin har Ghana ta sauya maganin farko a tsakiyar shekarun 2000, kuma sauro da kansa yana ƙara jure magungunan feshi. Haka nan yawan masu ɗauke da ƙwayar sikila a yankinmu yana da nasaba da kariyar da take ba mai ɗauke da guda ɗaya daga zazzaɓi mai tsanani.

A Spore babu ko ɗaya daga cikin wannan. Kai ne kake tara maki, ka kira abokiyar aure, ka shiga ɗakin ƙira ka cire baki ka sa wani, kuma a haihuwa ɗaya dukan jinsin ya canza. Mujallar Science ta tara masana a 2008 suka buga wasan suka ba shi maki, kuma a fannin juyin halitta ya faɗi warwas. Yana da amfani wajen sa yaro ya fara tambaya, amma amsar ba ta cikinsa.

Ustaz_SabonZango:
Malam, bayaninka ya rage mini wata damuwa, ya kuma ƙara mini wata. Idan wasan ba darasin juyin halitta na Darwin yake koyarwa ba, to abin da ya rage shi ne yaro yana zaune yana siffanta mai rai yadda ya so. Iyaye su riƙa zama kusa suna yi wa yara bayani cewa zane ne kawai. Kuma na ji an ce abin da wasu suka ƙera yana iya shigowa cikin wasan mutum ta intanet, har da siffofin banza.

Zainab_Madina:
Haka ne Ustaz. Akwai rumbun da ake kira Sporepedia, inda 'yan wasa suke ɗora abin da suka ƙera, wasan kuma yana ɗebowa daga can ya cika duniyarka da su. Tun da aka saki manhajar ƙera dabba ita kaɗai a watan Yuni na 2008 wasu suka fara ɗora siffofin rashin kunya, kamfanin yana gogewa. Maganin abin mai sauƙi ne: idan ba a shiga da asusu ba, wasan yana amfani da dabbobin da Maxis ya zuba a ciki kawai. Ga yara, wannan ya wadatar.

A nan ne kuma maganar Yaya Dan_Nima take da ɗan rauni. Fayil ɗin GOG naka ne, amma Sporepedia tana kan sabar EA, wato kwamfutocin kamfanin da ake shiga ta intanet, kuma sai da asusunsu ake shiga. Ranar da suka kashe ta, wannan ɓangaren ya tafi, ko da makulli ko babu.

MaiGyara_Circle:
Kuma suna iya kashewa. Darkspore, wanda Maxis ya fitar a 2011 da fasahar ƙera dabba ta Spore, ba ya buɗewa sai da intanet. A watan Maris na 2016 aka kashe sabarsa, kuma duk wanda ya saya yanzu faifan ado kawai yake riƙe da shi. Ofishin Maxis na Emeryville da ya ƙera Spore an rufe shi tun 2015, Will Wright kuwa ya bar kamfanin tun 2009. Wannan ne ya sa duk da na kira abin ihu bayan hari, ban ce ba shi da amfani ba.

Akwai wata dabara da ta rage asarar da Malama Zainab take tsoro. Kowace dabba da ka ƙera, wasan yana ajiye ta a matsayin ɗan ƙaramin hoto na PNG, kuma bayanan ginin dabbar duka suna ɓoye a cikin hoton. Idan na turo maka hoton ta imel ko a filash, ka ja shi ka jefa cikin wasan, dabbar za ta fito cikakkiya. Ke nan mu a wannan zaure za mu iya musayar namu ba tare da sabar kowa ba. Sai dai kada a tura ta hanyar da ke matse hoto, domin bayanan suna lalacewa.

Kumasi_Aboabo:
Duk wannan ya yi kyau, amma ku gaya mini yadda za a biya. GOG ba ya karɓar kuɗin waya, PayPal kuma ba ya buɗe wa mutanen Ghana asusu. Sai mai katin banki da ke aiki a waje, kuma farashin da dala ne, ga yadda sidi ya zube a 'yan shekarun nan. Bayan haka ga datar da za a sauke wasa mai nauyin gigabait da dama. Ustaz ya ce mai hali ya saya, to da yawa suna da kuɗin a waya amma babu ƙofar da za su miƙa shi.

Alhaji_Fadama:
Wannan ita ce maganar da ta fi kama hankalina a duk zaren. Idan mai kaya bai buɗe maka hanyar biya ba, bai sa ka a lissafin kasuwarsa ba tun farko. Dan_Nima, ɗana, kana cewa sayenmu zai nuna wa kamfanoni wani abu, ni kuwa ina shakkar ko suna duban wannan yanki da za su gani.

Dan_Nima:
Wataƙila ba sa dubanmu Alhaji, amma sun ji kukan 2008. Da The Sims 3 ya fito a 2009, faifansa lambar sirri kawai yake nema, babu iyakar ɗorawa. Sai dai a 2013 sun dawo da SimCity wanda ba ya aiki sai da intanet, sabobin suka kasa ɗaukar jama'a a makon farko, aka sake sabuwar rigima, kafin daga baya su ƙara masa hanyar bugawa ba tare da intanet ba. Darasin yana shiga yana fita.

Game da biya, ɗan uwa na Aboabo, ina da kati, kuma GOG yana ba da damar saya wa wani a matsayin kyauta a tura masa lamba. Wanda yake so ya turo mini kuɗinsa ta waya in saya masa nasa da sunansa.

Sadiya_Legon:
To idan babu makulli, me zai hana mutum ɗaya ya saya ya zuba wa kowa a filash? Ba ina cewa a yi ba ne, tambaya nake.

Ustaz_SabonZango:
Babu abin da zai hana, 'yata, sai amana. An sayar maka ne don amfanin kanka da kwamfutocinka, ba don ka raba wa unguwa ba.

Baba_Sims:
Ni zan karɓi tayin Dan_Nima, amma kafin in tura kuɗi ina son wanda ya riga ya ɗora na GOG a kan Windows 10 ya gaya mana ko yana tafiya lafiya, musamman a laftof marar katin hoto na daban. MaiGyara, idan wani ya kawo maka irinsa teburinka, ka duba mana ko tsofaffin dabbobin da muka ajiye tun 2008 suna buɗewa a cikinsa.